Sunan Uwa a Kan Shafi

Ranar Juma'a ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a Maamobi, cikin birnin Accra, ya san yadda unguwar take idan liman ya hau mumbari. Maza sun tafi, an shimfiɗa tabarmi har kan kwalta, masu motocin haya na trotro sun canza hanya. Lungunan sai mata da awaki da rediyon da aka manta a kunne. To, a wannan ɗan tsakanin ne aka sare Hajiya Abibata mai waakye, wato shinkafa da wake, a cikin rumfarta.

Kafin a sallame sallah labari ya isa ofishin 'yan sanda. Wadda ta fito ita ce Insifekta Sanatu, 'yar Kotobabi, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta ɗaga murya sai abu ya kai maƙura. Ta taho da Kofur Mujeeb, wani dogo da wayarsa ba ta barin hannunsa ko a wajen cin abinci.

Abin da suka tarar, Allah ya raba idonku da ganinsa. Tukunya ta kife, shinkafa da wake sun watse a ƙasa sun cakuɗe da jini. Hajiya na kwance tsakanin benci da murhu. An sare ta a wuya, an sare ta a kafaɗa, tafin hannunta na dama ya rabe biyu. Wata ta yafa mata mayafi, amma jinin ya riga ya keto shi.

Sanatu ta tsuguna ta duba. 'Yan kunnen zinariya suna nan. Jakar ciniki tana ɗaure a ƙugu, ba a taɓa ta ba.

"Wannan ba aikin ɓarawo ba ne," in ji ta. "Wa ya gani?"

Aka tura mata Mma Awabu mai koko, tsohuwar da rumfarta ke jingine da ta Hajiya. Sanatu ta nuna mata benci.

"Sannu, Mma. Zauna nan. Me kika gani?"

"Na gani, 'yata, da ma ban gani ba. Wani ne ya zo da hular 'yan okada, mai baƙin gilashi. Ya zaro adda daga buhun shinkafa. Ya fito da waya yana dangwara mata a fuska, yana ihu, sunanki ne a kai, sunanki ne a kai! Ni kuwa na faɗa bayan randa. Da na ɗago, sai jini."

"Sunanta a kan me?"

"Ina zan sani? Abibata ko saƙon waya ba ta iya karantawa. In an kira ta ma, sai ta ce a danna mata."

Suna cikin haka maza suka fara dawowa daga masallaci. Wani saurayi da farar jallabiya ya keto taron yana kiran "Mma! Mma!" Wannan shi ne Fataw, ɗan Hajiya tilo, mai koyar da kwamfuta a wata makaranta a Kokomlemle. Ya ɗaga mayafin, ya gani, ya zube a kanta. Sai da maza uku suka ɓamɓare shi, jallabiyar ta koma ja.

Mujeeb ya matso kusa da kunnen Sanatu.

"Madam, dubi abin da ke yawo a wayoyin mutane."

Bari in yi muku bayani yadda ni ma aka yi mini, don kada ku ɓace. Akwai wani shafin intanet da ake kira Idon Unguwa. Shi ne yake saka hotunan masu sayar wa yara ƙwayar tiramol a Nima da Maamobi, kuma ba wanda ya san mai shi. Ashe kowane shafi, kafin a buɗe shi, sai an yi rajistar sunansa a wani kamfani, an ba da sunan mai shi da inda yake zaune da lambar wayarsa. In ka biya, kamfanin zai sakar maka labule, duk wanda ya leƙa ba zai ga komai ba. In babu labulen, ko wa ya bincika zai gan ka tsirara.

Abin da Mujeeb ya nuna mata hoton rajistar Idon Unguwa ne, ba labule. Mai shafi: Abibata, Maamobi, bayan babbar kwata. Ga lambar wayarta a ƙasa.

Taron ma ya gani. Nan da nan suna ɗaya ya fara zagaya bakuna. Alhaji Kadiri mai kemis. Shi ne wanda shafin ya tona a makon da ya wuce, kuma kowa ya ji ya rantse sai ya gano mai shi.

"Yau sai mun ƙona shi!" wani ya faɗa daga baya. "Kafin a kira magariba!"

Sanatu ta san samarin Zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi. In sun faɗi haka da rana tsaka, ba wasa suke ba. Ta sa aka ɗauki gawa, ta bar 'yan sanda biyu a rumfar, ta ja Fataw zuwa ɗakin mahaifiyarsa. Mma Awabu ta biyo su, ba wanda ya gayyace ta, ta zauna a bakin gado tana share hawaye.

"Fataw, Allah ya jiƙan Mma. Amma dole in tambaye ka yanzu. Wa ke da Idon Unguwa?"

"Ban sani ba."

"Ta yaya sunanta ya hau kai?"

"Wani ne ya yi mata sharri. Kowa ya san sunanta, kowa ya san lambarta."

"Kai malamin kwamfuta ne."

"Mu nawa ne a Accra?"

Ya faɗi haka idonsa na kan tabarma. Sai Mma Awabu ta fashe da kuka.

"Wayyo ɗan albarka! Wa zai yi wa hidima yanzu? 'Yata, yaron nan bai taɓa mallakar abu da sunansa ba. Babur ɗin da yake hawa, da sunanta ya saya. Firjin nan, da sunanta. Ko layin waya ya yanka sai ya ce a rubuta Mma, wai don abin ya yi albarka. Haka ubansa ma ya yi wa tasa uwar."

Sanatu ta juya. Ta zuba wa Fataw ido kawai, har sai da ya ɗago.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na buɗe shi. Ɗalibaina biyu tiramol ya haukata, ɗaya ya faɗa kwata ya mutu. Da na zo rajista na ce wannan aikin alheri ne, bari ladan ya je mata. Amma wallahi na biya an rufe, Madam. Tun ranar farko a rufe yake. Ita kanta ba ta sani ba."

"Wa zai iya buɗewa?"

"Mai mabuɗin asusun."

"Ba kai ba ne?"

"A'a. Muftahu ne, mai kafen intanet a Nima. Shi ke da katin biya a ƙasar waje, duk masu shaguna a nan shi ke yi musu rajista a cikin asusunsa. Suna na Mma, aiki nawa, mabuɗi nasa." Ya girgiza kai. "Amma Muftahu ba zai yi ba. Tare muka yi makarantar allo. Alhaji Kadiri ne ya sa aka kutsa, na sani."

"Ba ka sani ba tukuna. Zauna a ɗakin nan. Mma, riƙe mini shi."

Tsohuwa da saurayi mai jinin uwarsa a riga, wa zai riƙe wa? Amma dai ta faɗa.

Kemis ɗin Alhaji Kadiri yana bakin babban titin Nima, gidansa a sama. Da suka isa an saukar da ƙofar ƙarfe, an riga an farfasa allon shagon da duwatsu. Yara sun fara taruwa a tsallaken titi. Suka shiga ta baya, suka same shi a falo, ƙaton mutum, gumi ya jiƙa masa babbar riga.

"Alhaji, ka san shafin Idon Unguwa?"

"Ni? Ni ɗan kasuwa ne, Madam. Ban taɓa jin sunansa ba."

"Mujeeb, kunna masa."

Mujeeb ya danna wayarsa. Muryar Alhaji ta cika falon, wani saƙon murya da ya bazu a unguwa, yana rantsuwa da kabarin ubansa cewa ko a ramin ɓera mai shafin yake sai ya zaƙulo shi.

Alhaji ya cire hula ya goge kai.

"To, fushi ne. Wa ba zai yi fushi ba? Na nema, ban ƙi ba. Na sa lauyana ya tuntuɓi kamfanin rajistar, suka ce ba sa ba da sunan kowa sai da umarnin kotu. Ɗana ya duba jiya da yamma, a rufe yake kamar kullum. Yau kuwa ina sahun gaba a masallaci, ki tambayi liman. Ni zan sa a kashe Abibata? Matar da nake aika a sayo mini waakye wajenta kowace safiya?"

Sanatu ta karɓi wayar Mujeeb, ta buɗe hoton da shafin ya saka. Ƙofar bayan kemis ce, ga wani mutum mai tabo a goshi yana karɓar kwali, fuskarsa ta fito tar.

"Wane ne wannan?"

"Ban san shi ba. Masu wucewa suna da yawa."

"Mai wucewa ne yake karɓar kwali a ƙofar bayanka?"

Dutse ya fasa tagar falon, gilashi ya tarwatse a kan kafet. Matan gidan suka sa ihu daga ciki. Alhaji ya duƙa bayan kujera.

"Husseini ne! Husseini! Yana kai mini kaya. Da hoton ya fito na sallame shi, na ce kada ya ƙara taka mini ƙofa. Iyayen yaran layinsu suka kama shi suka yi masa dukan mutuwa, mai gida ya watso masa kaya waje, matarsa ta kwashe yara ta tafi Kumasi. Ni ina ruwana? Madam, ki fitar da ni daga nan, don Allah!"

"In na fitar da kai yanzu a titi za su raba ka. Kulle ko'ina. Na kira a ƙaro mutane."

A kan matakala Mujeeb ya tsayar da ita.

"Madam, rajistar tana nuna ranar da aka taɓa ta a ƙarshe. Yau ce. Kuma ba kutse ba ne, kamfanin bai kulle komai ba. Da mabuɗi aka shiga aka ɗage labulen."

"To, mu je wajen mai mabuɗi."

Kafen Muftahu yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, sai suka taka. Ƙofar a buɗe take, an fasa kwaɗonta daga waje. A ciki kwamfutoci biyu sun tarwatse a ƙasa. Muftahu, siririn saurayi mai tabarau, yana zaune a kan benci, hannunsa na dama naɗe da tawul. Matarsa Sherifa tana tsaye a kansa da kwanon ruwan zafi.

"Me ya sami hannunka?"

"Okada ne ya kayar da ni."

"Kwamfutocin ma okada ya kayar?"

"Ɓarayi ne, Madam."

"Buɗe tawul ɗin."

Ya ƙi. Mujeeb ya kama ya warware. Yatsu uku sun karye sun kumbura kamar rogo, farce biyu sun fita, naman ya yi baƙi. Sanatu ta dubi teburin. Ga shaidar jini a kan katako, ga guduma a ƙarƙashi.

"Okadan nan da guduma yake yawo," in ji ta. "Muftahu, ka san an kashe Hajiya Abibata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ɗage labulen Idon Unguwa yau da safe?"

"Ban sani ba. Wataƙila kamfanin ne suka yi kuskure."

Sherifa ta dangwarar da kwanon har ruwan ya fantsama.

"Kai, Muftahu, ka ji tsoron Allah! An kashe baiwar Allah kana nan kana okada, okada! Madam, wansa ne. Husseini. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kulle shi a nan kamar akuya ya tafi da wayarsa. Ni na nemo kafinta ya fasa kwaɗon."

"Sherifa, yi shiru!"

"Ba zan yi ba! Gobe ni zai zo ya sara!"

Sanatu ta jawo kujera ta zauna daf da shi, gwiwa da gwiwa.

"Ɗan'uwana, samari suna can za su ƙona mutum da ransa a kan abin da bai yi ba. Abokinka Fataw na cikinsu, ko ya kusa shiga. Faɗa mini da sauri."

Muftahu ya cire tabaransa da hannun hagu.

"Bayan asuba ya zo. Idonsa ja, ya sha. Ya ce duk shafin da ke Nima ta hannuna ya bi, in gaya masa wanda ya kashe masa aure. Na ce ban sani ba. Ya ɗora hannuna a tebur. Ya buga na farko, na ce ban sani ba. Ya buga na biyu. A na uku na ji sunan Fataw ya zo mini bakin harshe, Madam, saura kaɗan."

"Sai ka yi me?"

"Sai na tuna ba sunansa ne a rajistar ba. Na ce a raina, in na nuna masa sunan Hajiya zai ce sunan bogi ne aka saka, ya haƙura. Ko bai haƙura ba, wa zai ɗaga wa uwa hannu a Zango? Hajiya ta goya Husseini a bayanta lokacin da uwarmu ke ciwo. Na nuna masa a kwamfutata, ya ce ƙarya nake haɗa masa, sai ya gani a tasa wayar. Shi ne na ɗage labulen. Na ce da ya tafi zan mayar. Sai ya farfasa komai, ya kulle ni."

Ya kife fuska a gwiwa.

"Na zaci na ceci kowa. Wallahi haka na zata."

"Ina Husseini yake yanzu?"

Sherifa ce ta amsa. "Da na je kiran kafinta na dawo, na gan shi a bakin titi. Ya sake riga. Galan ɗin fetur ne a hannunsa, yana gaban samarin da za su gidan Alhaji."

Sanatu ta miƙe kamar an tsikare ta. Ba ku taɓa ganin gajeriyar mace tana gudu a lungunan Nima ba, tana tsallake kwata, dogon kofur yana haki a bayanta.

Kafin su isa aikin ya yi nisa. An ɓalle ƙofar ƙarfe, an watso kwalayen magani a titi. 'Yan sandan da aka ƙaro suna gefe, taron ya danne su. An jawo Alhaji Kadiri ƙasa, an fasa masa kai, babbar rigar ta yage har cibiya. Wani ya rataya masa tsohuwar taya a wuya. Yana durƙushe yana kiran sunan Allah, jini na shiga masa baki.

Fataw na tsaye a gabansa da jar jallabiyarsa. Kusa da shi wani mai tabo a goshi yana tuttula fetur a kan tayar, a kan rigar, a kan gemun Alhaji. Ya yar da galan, ya fito da ashana, ya danƙa wa Fataw a hannu.

"Uwarka ce, chale, abokina. Kai za ka kunna. Kunna!"

"Kunna! Kunna!" taron ya ɗauka.

Sanatu ta zaro bindiga ta harba sama. Tsuntsayen kan wayoyin lantarki suka watse, taron ya ja da baya. Ta ratsa tsakiya, ta tsaya tsakanin Fataw da Alhaji, takalminta cikin fetur.

"In za ka kunna, da ni za ka haɗa," in ji ta. Wannan karon ta ɗaga murya. "Fataw, dubi wanda ya ba ka ashana. Dube shi da kyau. Ba ka gane fuskar da ka saka a shafinka ba?"

Fataw ya juya a hankali.

"Husseini," in ji Sanatu, "na fito daga wajen ƙaninka. Na ga yatsunsa."

Husseini bai tsaya musu ba. Ya zaro wuƙa daga ƙugu ya yi kan Fataw. Mujeeb ya faɗa tsakani, wuƙar ta tsarge masa damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Duk da haka ya rungume shi, suka faɗi tare a kan kwalaye. Husseini ya cije shi a kunne, ya sake ɗaga wuƙar. Sanatu ta taka masa wuyan hannu da takalmi har ƙashi ya yi ƙara, ta buga masa gindin bindiga a ƙeya. Sauran 'yan sandan suka danne shi, ankwa ta shiga.

Taron da ya zo ƙona mutum ɗaya sai ya juya yana neman wani. Duwatsu suka fara sauka. Ɗaya ya sami Husseini a baki, haƙori ya fita. Sanatu ta sa aka jefa shi bayan motar 'yan sanda, ta hau ta tsaya a kansa, bindiga a hannu.

"Duk wanda ya ƙara jifa, da shi zan tafi! Kun kusa kashe wanda bai yi ba, bai ishe ku ba? Ku cire wa mutumin nan taya, ku zuba masa ruwa!"

Wasu dattawa suka yi ƙarfin hali suka cire. Alhaji ya kife a ƙasa yana amai.

Fataw ya matso jikin motar. Har yanzu ashanar na hannunsa, ya matse ta har kwalin ya lotse.

"Me ta yi maka?" ya tambaya. "Husseini, me Mma ta yi maka?"

Husseini ya tofar da jini. Ƙwayar da ya sha ta fara sakinsa.

"Ba wajenta na je ba. Kai nake nema. Ina ganin sunan na san kai ne, wa bai san halinka ba? Na je ne ta faɗa da bakinta."

Fetur na ta ɗiga daga titin zuwa cikin kwata.

"Ci gaba," in ji Sanatu.

"Na nuna mata. Na karanta mata sunanta. Ta dube ni, na ga ta gane muryata, ta kuma gane aikin ɗanta ne. Sai ta ce, nawa ne. Ta ce ni na sa aka ɗauki hotonka, gobe ma zan sa a ɗauki na wani, Fataw bai san komai ba. Na ce ƙarya kike, Mma, ke da ko waya ba ki iya dannawa. Na ce zan je in jira shi a ƙofar masallaci, yana fitowa in sare shi a gaban jama'a. Na juya zan tafi."

Ya rufe ido.

"Ta kama addar. Da hannu ta kama ta, ta wajen kaifin. Na ja, ta ƙi saki. Na ce Mma saki, ta ce sunana ne a kai, da ni za ka yi. Na fizge. Daga nan ban san sau nawa ba."

"Fetur ɗin fa?" in ji Sanatu.

"Alhaji ya ci da ni ya yar da ni. Na ce shi ya ƙone, Fataw kuma in ya kunna ya ruɓe a gidan yari. Kowa ya ɗanɗana."

Wata mata a cikin taron ta rushe da kuka, wasu suka bi. Samarin da suka zo da sanduna suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Sanatu ta sa aka ɗauki Mujeeb da Alhaji zuwa asibiti, ta ce a sa wa Alhaji mai gadi, don maganar kwalayen da ke zube a titi tana nan tana jiransa.

Ta sauko daga motar, ta buɗe yatsun Fataw ɗaya bayan ɗaya, ta karɓe ashanar.

"Je ka gida, Mma Awabu na jiranka. Gobe ka zo ofis ka ba da bayani, zan taimaka a ba ku gawa da wuri." Ta sa ashanar a aljihu. "Kuma har yanzu rajistar a buɗe take, duniya na kallon sunanta. Zan sa a kai wa Muftahu kwamfuta ya mayar da labulen, ko a sa sunanka a madadin nata."

Fataw ya dubi Husseini a bayan mota, kansa a sunkuye, jini na ɗiga daga haɓarsa. Ya dubi jallabiyarsa.

"A'a, Madam. A bar shi a buɗe."

"Ka tabbata?"

"Ta ce nata ne."

Sanatu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyaɗa kai. Ta shiga gaba, ta buga wa direba ƙofa. Motar ta ja a hankali, mutane suna darewa suna ba ta hanya, aka wuce da Husseini ta tsakiyar Nima, ba wanda ya ƙara ɗaga dutse.